Filin Tambaya da Amsa: Amfilifayar jitata ta shaƙe, wane bawul zan saya?

TAMBAYA: Salama Baba injiniya, barka da aiki, ya iyali ya sanyi. Ni makaɗin jita ne a Barnawa nake, muna zuwa wasa wajen biki, ran Lahadi kuma ina kiɗa a coci. Yayana ne ya aiko min da amfilifaya daga Amurka yau shekara huɗu kenan, Fender Hot Rod Deluxe, irin mai bawul ɗin gilashi ɗin nan a baya, da sitefdawun nake kunnata. To tun wajen Kirsimeti sautin ya fara shaƙewa, sai ƙarar kar-kar, in na ƙara murya kuma ta dinga fito, satin da ya wuce ana tsakiyar wasa fiyus ya ƙone, na canja na kunna na leƙa baya sai naga ɗaya daga cikin manyan bawul biyun ƙarfen cikinsa yayi jajir kamar garwashi. Wani a kasuwa yace yana da bawul EL34, wai ƙafafunsa ɗaya da nawa zai shiga, kuma wai yafi daɗin sauti. Dan Allah Baba in saya? Kuma duka biyar ɗin zan canja ko mai jan kawai? Da ita nake ci.

AMSA: Lafiya lau ɗana, na gode da gaisuwa. Abu na farko dan girman Allah kar ka sake kunna amfilifayar nan sai an dubata. Ɗan hasken da kake gani siriri ruwan lemo a tsakiyar bawul wannan lafiyarsa kenan, zaren da yake ɗumamashi ne, ko ka ga shuɗi-shuɗi a jikin gilashin shima ba komai. Amma in faffaɗan ƙarfen nan mai toka-toka shine yayi ja, to wuta tana ratsashi fiye da ƙarfinsa, kuma in ka cigaba ba bawul kaɗai zai tafi ba, zai iya jan taransifomar da take kai sauti lasifika, ita kuma kuɗinta ya ninka na bawul, samunta a Kaduna ma wani aikin ne.

EL34 ɗin nan kar ka saya. Mai kayan bai yi ƙarya ba da yace zai shiga, dukansu ƙafa takwas ne gidansu iri ɗaya, amma shiga daban dacewa daban. Amfilifayarka an yita ne da 6L6GC guda biyu, su suke bata wat 40 ɗinta, sai ƙananan 12AX7 guda uku. Zaren ɗumama 6L6 amfiya 0.9 yake ja, na EL34 kuma 1.5, kaga in ka sa biyu ka tashi daga 1.8 ka koma 3 akan taransifomar wutar amfilifayar, wadda ba'a yi mata wannan lissafin ba, ga shi dama tana shan wahala, an naɗata ne don wutar Amurka mai juyi 60 a daƙiƙa mu kuma tamu 50 ce, wannan kaɗai yana sa ta ɗau zafi fiye da yadda take ɗauka acan. EL34 bawul ne mai kyau, shine a cikin yawancin amfilifayar Marshall, kamar yadda EL84 guda huɗu suke cikin Vox AC30, kowa da gidansa. Sautin nan mai faɗi mai tsabta da aka san Fender dashi ai da 6L6 aka ginashi. Lambar da take jikin tsohon ita zaka bi, in ta goge a jikin gilashi akwai takarda manne a cikin akwatin da zanen jerin bawul ɗin.

Manyan kuma biyun zaka canja tare, ba mai jan kaɗai ba. Aiki suke irin na masu daka a turmi ɗaya, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, in ɗaya sabo ne ɗaya ya gaji to sabon ne zai ɗau kayan, sai ka dinga jin gurnani a ƙasan sauti kuma bazai daɗe ba. Ka nemi waɗanda aka auna aka haɗa su tagwaye, a kwalin zaka ga an rubuta matched pair, sau da yawa harda lambar awon a manne a gindin kowanne, ka duba lambobin su zo ɗaya ko dab da juna.

Daga nan sai maganar bayas, wadda itace mutane suke tsallakewa su dawo suna cewa an sayar musu da jabu. Ka san yadda bakanike yake saita silon mota, in yayi sama mota tana ta ihu tana shan mai a tsaye, in yayi ƙasa tana mutuwa? To haka bayas yake, saita yawan wutar da take ratsa manyan bawul lokacin da ba'a kiɗa. Yayi yawa bawul ya ƙone da wuri, yayi kaɗan sauti ya fito a bushe ba armashi. Taka tana da ɗan abin murɗawa a ciki domin wannan, da wurin ɗora mita, kamfanin a zanensu milibolt 60 suka rubuta. Amma ba kai zaka yi ba. Cikin akwatin nan akwai wutar da ta haura bolt 400, kuma kwandansa suna riƙe ta ko bayan an zare daga soket, tana kisa, ba maganar tsoratarwa nake ba. Ka kaiwa mai gyara wanda ya taɓa aikin bawul, irin dattawan da suka gyara tsofaffin rediyo da talabijin, ka tambayeshi kai tsaye ko ya san saita bayas, in kaga yana kame-kame ka ɗauki kayanka cikin mutunci. Ka ce kuma ya auna rasistocin nan masu om 470 da suke haɗe da gidan manyan bawul, don in bawul yayi irin abinda naka yayi sau da yawa yana ƙona ɗaya ya tafi, ka sa sabo akan ƙonannen rasista ka koma gidan jiya.

Ƙananan ukun kar ka yi gaggawar zubar dasu, suna shekaru da yawa suna aiki, sun fi manyan nisan kwana sosai. Fiton nan da kake ji nafi zargin ɗaya daga cikinsu ne ya saki a ciki ya koma kamar makirfo. Bayan an gyara manyan, a kunna a ɗan buɗe murya, ka ɗauki fensir na katako ka ƙwanƙwasa kowanne a hankali, lafiyayye zaka ji ɗan tak kawai ko shiru, mara lafiya kuwa zaka ji lasifika ta amsa gwarang kamar an bugi kwano. Yawanci na farkon ne, wanda yafi kusa da inda kake soka wayar jita, saboda duk abinda ya ji sai sauran sun ƙara masa ƙarfi. Su ƙananan basa buƙatar bayas, ka kashe ka zare waya ka bari ya huce, ka jijjigashi kaɗan-kaɗan kana ja, ka lura da giɓin da ke tsakanin ƙafafu tara ɗin kafin ka tura sabon. In ka ga ECC83 shine 12AX7, sunan Turai ne kawai. Kuma tunda kana kiɗan coci inda ake son sauti garau, kana iya gwada 5751 a gidan farko, ƙarfin ƙarinsa 70 ne maimakon 100, murya bata saurin fashewa. Ni ina son wannan canjin ƙwarai.

Wane kamfani? Kar sunaye su ruɗeka, masana'antun da suka rage a duniya 'yan kaɗan ne. JJ a Sulobakiya ake yinsa. Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol da Mullard na yanzu duk daga masana'anta ɗaya suke fitowa a garin Saratov na Rasha, shi yasa da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 bawul yayi wuya kuɗinsa ya tashi ko'ina. Sai kuma na Sin. Ga mai yawon biki da amfilifaya a bayan keke napep akan titunanmu ni JJ zan ce, yana da jure jijjiga. Tunda yayanka yana can, ka tura masa lambar ya saya a shagon da suke aunawa, ya naɗe da kyau. In anan zaka saya ko daga kasuwar Alaba, ka ɗaga bawul ɗin a haske, akwai wani tabo mai ƙyalli kamar madubi a cikin gilashin, in ya koma fari kamar alli iska ta shiga, ya mutu.

Sai wutarmu. Sitefdawun rabawa biyu kawai yake, in nepa ta kawo 250 amfilifayarka 125 zata sha, ƙaramin janareto a wajen biki kuma in aka kashe manyan lasifikun DJ wuta tana iya yin tsalle lokaci ɗaya. Ka nemi sitefdawun mai aƙalla wat 500, ka sa sitabilaiza a gabansa. Fiyus kuma irin lambar da aka rubuta a bayan akwatin, banda naɗa waya ko takardar sigari. Kar ka taɓa kunnata ba lasifika a haɗe. Lokacin hunturu ka dinga rufeta da zane in ta huce, ƙurar nan tana shiga ramukan ƙafafu ta kawo kar-kar ɗin da ka faɗa.

TAMBAYA: Baba ina da tsohuwar rediyon marigayi mahaifina Philips mai bawul a ɗaki a Tudun Wada, zan iya cire nata in sa a ƙaramar amfilifayata mai EL84?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ka fara karanta lambar da kyau, don da yawa daga cikin rediyon nan UL84 ne a ciki ba EL84 ba, a ido kamarsu ɗaya amma zaren UL84 bolt 45 yake so, na EL84 kuma 6.3, bazai yi maka aiki ba. In ka tarar EL84 ne na gaske ko ECC83, a auna maka tukuna, tsofaffin bawul na Philips, da kuma na Mullard ɗin Ingila, masu kiɗa suna nemansu da tsada. Amma in rediyon tana da sauran rai ni da zaka ji tawa ka barta da kayanta, ka kawo a gyarata a ji muryarta.