Amsa ga Kawu kan taron tsafta da dashen itatuwa a zangonmu

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ka tambaye ni game da hotunan da ka gani na jama'ar masallacinmu a nan Akara, ana zaune a fili ƙarƙashin rumfuna, liman yana wa'azi, yara riƙe da 'yan itatuwa cikin leda, har ka ce ko wata sabuwar idi muka ƙirƙiro. Ba idi ba ce, kuma ba a yin wata salla a wurin ban da azahar idan lokacinta ya riske mu. Gayya ce irin wadda kuka sani a gida, sai dai mu unguwa ce gonar da muke yi wa aiki.

Ruwa ne ya koya mana wannan. A daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta mamaye tsakiyar Akara, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama, mutum kimanin 150 suka rasu. Duk mazaunin unguwarmu ta Nima ya san yadda ledar fiyawata da robobi ke toshe kwatoci har ruwa ya rasa hanyar gangarawa kogin Odaw, kuma ya san cewa wani ɓangare na sharar daga gidajenmu yake fitowa.

Shi ya sa idan damina ta kusa muke ware rana ɗaya. Da an idar da sallar asuba matasa su fita da shebur da baro su yashe kwata, mata su dama koko su toya ƙosai, da hantsi kowa ya hallara. Liman kan karanto hadisin da ke cewa babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka, sannan ya tunatar da mu cewa da mudu ɗaya na ruwa Manzon Allah (SAW) yake alwala. Wannan tunatarwa ta fi ratsa ni, domin mu nan sau da yawa sayen ruwa muke yi.

Dashen ya ƙara ƙarfi tun 2021, lokacin da gwamnatin Ghana ta fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa da burin dasa miliyan 5, hukumar gandun daji kuma tana raba irin kyauta. Mukan karɓo mangwaro da kwakwa da maɗaci, a damƙa kowane ɗaya ga gida guda, domin dashe ba wuya, reno ne aikin.

Maƙwabtanmu Kiristoci da ka gani a hoton kuwa mu muka gayyace su, tunda kwata ɗaya ta ratsa ƙofofinmu duka, kuma Babban Limamin ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, shi kansa ya ziyarci cocin Katolika a 2019 yana da shekara 100.

Mangwaron gidanmu Inna ce ke renonsa. Ta kewaye shi da tsohon kwando saboda awaki, kuma a gindinsa take alwala kullum don kada ruwan ya tafi a banza. Bana ya fi ta tsawo.