Me ya sa ƙudan zuma ke barin ruwa mai tsabta ya tafi kwata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da amya shida a kan itatuwan ɗorawa a bayan garinmu. Da zafi ya tsananta na ajiye musu ruwan rijiya a kwano, amma sai su tsallake shi su taru a bakin kwata da wurin da shanu ke fitsari. Shin ƙudan zuma ba ya jin ɗanɗano ne? Daga wani mai karatu a Giwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yana ji ƙwarai, sai dai ba a baki kaɗai ba. Allah ya sanya masa 'yan siraran gasusuwa masu ɗanɗana abu a wurare uku: harshensa, ƙahonnin nan biyu na kansa, da ƙafafunsa na gaba. Wato yana taka abu ya san ko akwai zaƙi.

Ni a wajen mai rake na fara lura da haka, ina yaro. Ƙudan zai sauka a kan gaɓar da aka fere, ya ɗan taka, ya shafa ta da ƙaho, sai ka ga harshen nan da ke naɗe a ƙarƙashin kansa ya miƙe. Masu bincike suna amfani da wannan ɗabi'a har yau: su taɓa ƙahonsa da ɗigon ruwan sukari, in ya zaro harshe sun san ya ji. Karl von Frisch, masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, ya gwada masa abubuwa masu zaƙi iri-iri, ya tarar da yawa daga abin da mu muke jin zaƙinsa shi a wajensa salam ne. Sakarin ma bai dame shi ba. Sukarin da ke cikin ruwan fure shi ne nasa.

To, batun kwata. Gishiri suke nema. Ruwan fure sukari ne kusan zalla, ga 'ya'ya a cikin saƙa da ake reno, don haka sai sun nemo gishiri da sauran sinadaran ƙasa a wani wuri. Fitsarin shanu da ruwan wanke-wanke suna da su, ruwan rijiyarka kuwa bai kai su ba. Ga kuma wari. Shinshinar ƙudan zuma ta fi ɗanɗanonsa ƙarfi nesa ba kusa ba: da aka karanta ƙwayoyin halittarsa a 2006, an samu na jin ƙamshi wajen 170, na ɗanɗano kuwa 10 kacal. Ruwa mai wari ya fi saurin kiransa.

Abin da ya fi damuna shi ne rauninsa wajen gane ɗaci da guba. A 2015 masana a jami'ar Niyukasil ta Ingila sun ajiye wa ƙudan zuma ruwan sukari biyu, ɗaya an ɗiga masa maganin ƙwari irin su imidakulofirid. Bakinsu bai gane maganin ba, har ma suka fi shan mai gubar. Duk lokacin da na ga ana feshin wake da hantsi, fure ya buɗe, ƙudan zuma na ta shawagi a kai, gabana faɗuwa yake.

Saboda haka ka sa gishiri ɗan mitsitsi a kwanon, abin da yatsu biyu za su tsakura, don in ya yi yawa za su guje shi. Ka jefa 'yan karare ko tsakuwa su samu wurin tsayawa kada su nutse, kuma kada ka riƙa sauya wa kwanon wuri. Maƙwabtanka manoma kuwa, ka roƙe su cikin lalama su riƙa yin feshi da yamma liƙis, bayan ƙudan ya koma amya.