Tambaya da Amsa: Yadda ake yi wa wayoyin fitilun Maulidi alama don kada su rikice

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni aka ɗora wa kula da fitilun ado na Maulidi a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim. Muna ƙawata ƙofar masallaci da rumfar taro da darbejiya biyu da hanyar shigowa. Wayoyin sun kai 15, duk baƙaƙe, kuma a gindin janareta suke haɗuwa. In wani ɓangare ya mutu sai mu yi ta zare filogi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har mu kashe lasifika ana tsakiyar karatu. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mafitar ita ce kowace waya ta samu suna, a rubuta shi a bakinta biyu: wajen filogi, da kuma can ƙarshen da fitila take. Nan ne aka fi yin kuskure. Sai a manna alama a filogi kaɗai, wanda ke gindin bishiya ya ga fitila ta mutu, amma bai san lambar da zai faɗa wa na wajen inji ba.

Aikin na rana ne, kafin a rataye komai. Shimfiɗa wayoyin a ƙasa, ka jona su ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowacce tana kawo wuta. Daga nan ka raba filin gida-gida, kowane gida da harafinsa: M na masallaci, R na rumfa, B na bishiya, H na hanya. Wayoyin masallaci su zama M1, M2, M3, haka sauran. Harafi da lamba sun fi dogon rubutu, don da tocilan waya za a karanta su cikin dare, kuma cikin sauri.

A ƙarƙashin sunan ka ƙara abu guda: yawan wat ɗin da ke kan wayar, wato ma'aunin wutar da fitilun ke ci. Misali, M2, wat 90. A jikin kwali ko ƙaramar takardar da ke manne da fitilar za ka ga wat ɗinta, sai ka tara na duk abin da ka jona a wannan layin. Amfaninsa babba ne. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da aka rubuta wa 950, abin da yake iya riƙewa na dogon lokaci wajen wat 650 ne, kuma ya fi kyau a tsaya kusa da 500. Tsofaffin ƙwayaye masu zafi na wat 60 guda goma sun cinye 600 ke nan, alhali ƙwan LED na wat 9 yana ba da haske kusan daidai da ɗaya daga cikinsu. In lissafin yana rubuce a jikin wayoyi, kafin wani ya ƙaro fitila za ka san ko inji zai ɗauka.

Sai abin da za a rubuta a kai. Takarda da farin salatif na ofis ba sa kwana biyu a waje. Raɓa ta jiƙa su, rana ta narkar da gam ɗin. Ga shi a 'yan shekarun nan Maulidi a cikin damina yake faɗowa. Abin da ya fi riƙewa kuma ba ya cin kuɗi shi ne tsohuwar farar jarka. Yanka ta ƙanana kamar faɗin yatsu biyu, huda gefe da ƙusa mai zafi, rubuta da baƙar maka wadda ruwa ba ya wankewa. Rana tana kodar da maka, don haka ka bi kan rubutun da bakin ƙusa ka karce shi. Ko tawadar ta gushe, zanen yana nan. Ɗaure shi da zaren buhu ko igiyar roba kamar taƙi ɗaya daga filogi, inda hannu ba zai riƙa gogarsa ba. Kada a ɗaure da wayar ƙarfe. Iska tana kaɗa alamar, ƙarfen ya riƙa cin robar a hankali har ya kai ga tagulla.

Lasifika kuwa a ba ta ekstenshan nata ita kaɗai, a rubuta KADA A CIRE da manyan baƙaƙe. A ware wani daban can gefe don masu cajin waya, domin su ne suka fi zare filogin da ba nasu ba.

In an gama, zana taswirar filin a takarda da sunayen wayoyin, ka ɗauki hotonta, ka ɗauki na wurin da filogan suka haɗu, ka tura wa abokan aikinka ta WhatsApp. Baɗi in Allah Ya kai mu hoton ne zai nuna muku inda kowace waya take zuwa. Wajen kwashewa ma kada a cire alamun. A naɗe kowace waya da tata.

Tambaya: Malam, mu a wajen Gezawa salatif ɗin wuta mai kala muke naɗawa, ja na nan, kore na can. Bai wadatar ba?

Amsa: Da rana ya wadatar, da dare ne yake ba da kunya. A ƙarƙashin jar fitila, jan salatif da fari kusan ɗaya suke, kore kuma ya koma kamar baƙi, ga shi filin naku cike yake da fitilu masu kala. Akwai kuma mutanen da tun asali idonsu ba ya rarrabe ja da kore. Ku bar kalar ta zama ƙari, ku sa lamba a kanta.

Wani abin lura: a kan baƙar rigar waje kawai za a naɗa kalar. Siraran wayoyin ciki suna da tasu ma'anar. A sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce mai komawa, mai kore da rawaya ce ta ƙasa; a tsohon tsari ja ce mai wuta, baƙa mai komawa. In aka rufe waɗannan da wata kala, za a ruɗa mai gyaran da zai buɗe filogin daga baya.

Tambaya: Ekstenshan ɗinmu yana ɗaukar zafi har alamar da muka manna ta saki. Laifin salatif ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, wayar ce take gaya muku an yi mata yawa, kuma wannan ya fi batun alama muhimmanci. Filogi mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutarmu ta bolt 230, amma siririyar waya ba ta kai nan ba. Mai kaurin murabba'in milimita 0.75 amfiya 6 kawai take ɗauka. Don babban layin da ke fitowa daga inji a nemi mai 1.5 ko 2.5, a duba rubutun da ke jikinta, a kuma tabbatar tagulla ce ta gaske.

Abu na biyu da ke kawo zafi shi ne barin doguwar waya a nannaɗe tana aiki. Zafin ba ya samun hanyar fita, sai robar ta yi laushi. A warware ta gaba ɗaya ko da tsawon ya yi yawa. Na uku, soket mai sako-sako: in filogi yana rawa a ciki, ko bakinsa ya yi baƙi, a canza shi. Kuma kada a yi ta jona ekstenshan a bayan ekstenshan, don na farkon ne yake ɗaukar nauyin dukkansu.

Duk inda waya biyu suka haɗu a ɗaga wurin daga ƙasa, a sa shi cikin robar da aka kife bakinta ƙasa, yadda ruwan sama ba zai shiga ba, yara da awaki kuma ba za su kai gare shi ba. Wayar da aka ga ta fashe a rubuta mata TA LALACE a ajiye ta gefe, kuma a kashe inji kafin a taɓa kowane haɗi.