Taƙaitawa ba ta wadatar da ɗalibin adabi

Malam, ka tambaya ko ya dace ka bar ɗalibanka na ajin ƙarshe a Agege da ke Legas su dogara da taƙaitattun bayanai maimakon karanta littattafan adabin da aka ɗora musu, tun da jarrabawar WAEC ta ƙarato. A ganina bai dace ba. Su karanta littafin da kansu, ko da babi ɗaya ne a kowane darasi, sannan taƙaitawar ta zo daga baya domin bita, kuma zai fi kyau idan su ne suka rubuta ta da hannunsu.

Dalilina shi ne, tambayoyin adabi ba su tsaya ga wane ya yi me ba, suna shiga jigo da salo da halayen taurari, waɗanda taƙaitawa take zubarwa. Ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: wanda bai bi ramuwar gayyar da ke tsakanin taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, daki-daki ba, ba zai iya kawo hujja a kan barkwancin littafin ba. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa karantawa da murya a cikin aji, domin yaron da ya tashi a Legas, yana cakuɗa Hausa da Yarbanci, bai taɓa ganin zaman fada ko ayarin fatake ba, kuma idan aka bar shi shi kaɗai, a shafi na uku zai ajiye littafin.