Kisan kiyashi, kisan ƙare dangi da ihu bayan hari

Wani mai karatu daga Mai Wurno ya tambaya: "Malam, kisan kiyashi da kisan ƙare dangi abu ɗaya ne? Rediyo na cakuɗa su in ana labarin Darfur."

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Kiyashi su ne ƙananan tururuwan nan da ake murƙushewa ba a ƙirga ba, don haka kisan kiyashi yawan gawa yake nunawa. Kisan ƙare dangi kuwa niyya yake nunawa, wato a shafe wata al'umma saboda ƙabilarta, ko launin fatarta, ko addininta. A kan wannan niyya aka kafa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, kuma a kanta manyan ƙasashe ke jan ƙafa, don in an furta kalmar, nauyin hanawa ya hau wuyansu. A 2004 Amurka ta ce abin da ke faruwa a Darfur, yankin yammacin Sudan, ƙare dangi ne. Kwamitin binciken Majalisar a 2005 ya ce an tafka manyan laifuka, amma bai ga wannan niyya a manufar gwamnati ba. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague ta sa tuhumar ƙare dangi a sammacin Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a 2010. Ku da ke jin Larabci, ku lura: "ibada" da Larabawa ke kiran ƙare dangi da ita da alif take farawa, halakarwa take nufi, ba bauta ba.

Wata baiwar Allah daga Kassala kuma ta ce: "Ko ihu bayan hari ya dace da sojojin wanzar da zaman lafiya?"

Asalin karin maganar daga zamanin mahara ne. Ihu ana yin sa don a kawo ɗauki, to in mahara sun riga sun kwashe dukiya sun tafi, me ya rage? Sai dai ni ban ga ta dace da Ruwanda ba, Hajiya. Can an yi ihun kafin harin. Janar Romeo Dallaire, kwamandan sojojin Majalisar a can, ya aika gargaɗi hedkwatarta a New York tun Janairun 1994, aka hana shi kai samame rumbunan makamai. Da kisan ya kankama a Afrilu, sai aka rage dakarunsa daga kusan 2,500 zuwa 270, aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana 100. A Srebrenica ta Bosniya ma, a 1995, sojojin Holan na Majalisar suna wurin aka kwashe maza da samari kusan 8,000.

Wanzarwa ai sai abin da yake akwai. Rundunar haɗin gwiwar Majalisar da Tarayyar Afirka ta Darfur, wadda Janar Martin Luther Agwai na Najeriya ya fara jagoranta a 2007, ta tarar babu zaman lafiyar da za ta tsare, ga ƙarancin jirage masu saukar ungulu, ga gwamnati na tare mata hanya. Wa'adinta ya ƙare a ƙarshen 2020. Da aka far wa ƙabilar Masalit a garin Janaina na Darfur a 2023, babu ita a wurin.