Sarkin da Ya Bar Gurasa Ta Ƙone

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo hutu, ya kawo wa yarana tsarabar wani kwali cike da gutsattsarin hoto guda 1000, wai a yi ta haɗa su har su zama hoto ɗaya. A jikin kwalin an zana wani mutum ya yi tagumi a bakin murhu, takobinsa jingine da bango, wata tsohuwa ta ɗaga masa muciya, gurasa kuma ta ƙone ƙurmus. Ƙanen nawa ya ce wai sarki ne. Yara sun dame ni da tambayar ko wane ne, ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, anya ya dace in bar su suna yi wa sarki dariya?

Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana yaran nan. Mutumin da kika kwatanta Sarki Alfred ne, wanda ya mulki ƙasar Wessex a kudancin Ingila daga 871 zuwa 899. A farkon 878 mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai masu kai hari ta teku, suka yi masa dirar mikiya, ya tsere da mutane kaɗan ya ɓuya cikin fadamun Somerset, a wani wuri da ake kira Athelney. Labari ya ce a can ya fake a bukkar wata mata da ba ta san ko shi wane ne ba. Ta bar masa gurasa a wuta ya duba mata, shi kuwa hankalinsa na can wajen yaƙi, har ta ƙone. Ta dawo ta balbale shi da faɗa, ya sunkuyar da kai bai ce mata uffan ba. Cikin watan Mayu na shekarar ya tara runduna ya ci Viking ɗin da yaƙi a Edington. Gudun da yaƙin tarihi ne tabbatacce. Zancen gurasar kuwa sai bayan kimanin shekara 100 da rasuwarsa aka fara rubuta shi, don haka ki gaya wa yara hikaya ce.

Na fahimci damuwarki sarai. Mu da muka tashi muna cire takalmi tun daga nesa in za mu shiga fada, muna faɗuwa mu ce ranka ya daɗe, dole hoton tsohuwa da muciya a kan sarki ya yi mana nauyi. Amma ki duba abin da ya faru a bukkar. Kalma ɗaya ta ishe shi ya sa matar nan ta durƙusa tana tuba, bai furta ta ba. Turawan kansu don yabon haƙurinsa suke ba 'ya'yansu labarin, kuma shi ne suke yi wa laƙabi da Alfred Mai Girma. Ni dai ban ga laifi ba yaro ya yi dariyar ƙonanniyar gurasa, muddin kin zauna kin ƙarasa masa labarin.

Irin wannan zanen barkwanci ya yi tashe a Ingila a ƙarni na 19. Fitacce a ciki shi ne littafin The Comic History of England na Gilbert à Beckett, wanda John Leech ya yi wa zane, ya fito a 1847 da 1848. Shi kuwa wasan haɗa hoton ya girme shi: wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, a shekarun 1760 ya riƙa manna taswira a kan katako yana yanka ta bisa iyakokin ƙasashe, don yara su koyi labarin ƙasa.

Guda 1000 ba aikin yini ɗaya ba ne. Da muka yi irinsa da jikokina a Daura lokacin hutun Sallah, a kan tabarma muka fara, iska ta kwashe mana guda uku, ɗaya sai bayan kwana biyu aka tsinto shi a gindin randa. Ki samo faffaɗan katako ko babban tire wanda za a ɗaga a ajiye a ɗaki. A fara tsince masu miƙaƙƙen gefe a haɗa bango huɗu, sannan a ware sauran launi-launi cikin murafan kwano. Jan wutar murhu da fuskoki su ne masu sauƙi, duhun bukka a bar shi ƙarshe. In akwai mai rarrafe a gidan a yi nesa da shi, don komai baki yake kaiwa.

A zaman namu na Daura ne ƙaramar jikata ta tambaye ni ko akwai na rijiyar Kusugu, da Bayajidda da macijin. Har gobe ina neman mai zane da kafinta da za su yi mana shi.