An cire ɗana daga tawagar tsere, son kai ne?

Hajiya, kin ce an ajiye ɗanki an ɗauki wanda bai kai shi gudu ba. Tana iya yiwuwa. Mu nan Zangon Kumasi mun san "furotokol", alfarma ce aka canja wa suna. Tun 2005 kwamfuta ke raba wa yara makarantun sakandare a Ghana don rage wannan, amma ƙorafi bai ƙare ba.

Sai dai tsere da agogo ake auna shi, ba kamar ƙwallo ba. Ki nemi lokacin da ya yi a gasar makarantu ta filin Baba Yara, ki kai wa malamin wasanni cikin lalama. Kuma kada ya saki littafi, don jami'a sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, take fara dubawa.